Gargaɗi Ya Fito, Amma Ya Isa Ƙofar Gida? Darasin Mokwa da Maiduguri

Da asubahin Alhamis, 29 ga Mayu 2025, bayan an kwana ana sheƙa ruwa, ambaliya ta afka wa unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a garin Mokwa na Jihar Neja. Mutane da yawa ba su ma tashi daga barci ba. Kafin rana ta take, gidaje sun zama fili. A kwanakin farko hukumomi sun ƙirga gawawwaki fiye da 150, daga baya adadin ya haura 200, ban da ɗaruruwan da aka nema aka rasa. Mutum fiye da 3,000 sun rasa matsuguni. Ruwan ya kuma cinye gada a kan hanyar da ke haɗa Arewa da Kudu maso Yamma, manyan motocin kaya suka yi cirko-cirko.

Wata takwas da 'yan kwanaki kafin wannan, ranar Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan Kogin Ngadda ta ɓalle da dare, ruwa ya mamaye Maiduguri. Ya shiga fadar Shehun Borno, da babbar kasuwar Monday Market, da asibitin koyarwa na jami'a. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni fiye da 270 suka tsere. Dabbobin gidan namun daji wasu suka mutu, wasu ruwa ya kwashe su zuwa cikin gari. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, cikinsu har da waɗanda rikicin Boko Haram ya taɓa kora daga ƙauyukansu, suka sake komawa zaman sansani.

Mun yi addu'a domin waɗannan garuruwa, mun tara baiko, mun aika da hatsi da tufafi. Hakan ya dace. Amma akwai tambayar da bai kamata mu tsallake ba: shin ba a san ruwan yana zuwa ba ne? Amsar ita ce an sani. A watan Afrilu 2025 hukumar NIHSA mai lura da koguna da ruwayen Najeriya ta fitar da hasashenta na shekara, ta lissafa ƙananan hukumomi 176 a jihohi 30 da Abuja da ke cikin babban haɗarin ambaliya, kuma Jihar Neja tana ciki. Madatsar Alau kuwa ta taɓa yin irin wannan ambaliya a 1994. Gargaɗi ya fito. Abin da bai faru ba shi ne ya isa ƙofar gidan mai barci, da harshen da zai gane, a lokacin da zai amfane shi. A wannan giɓi ne ake asarar rayuka, kuma giɓi ne da mu ma muke da hannu wajen cike shi.

Ruwan da kansa ya canja

Dattawanmu suna tuna farin 1973 da na 1984, lokacin da kukan kowa shi ne rashin ruwa. Yau kukan ya zama biyu. Ruwa yakan yi jinkiri ko ya ɗauke a tsakiyar damina, sa'an nan in ya tashi zuwa ya zubo na makonni a dare ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iska mai zafi ta fi mai sanyi riƙe tururin ruwa. Duk ƙarin zafi na digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100, kuma abin da ta ɗauka sai ta sauke. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan Adam tun daga 1982, ya gano cewa manyan hadura mafiya ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku.

Mu ɗan yi lissafi don mu ga nauyin abin. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya lita ɗaya ce. In aka yi milimita 100 a dare ɗaya, kowace hekta ta karɓi lita miliyan ɗaya, wato tan 1,000 na ruwa. A lissafa hektocin da ke tudun da ke saman gari, a tuna cewa duk wannan ruwa kwari zai nufa. In ƙasa ta riga ta ƙoshi, ko an sare itatuwan da ke rage masa gudu, ko an shafe ta da siminti, ba abin da zai tsayar da shi.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa abin ba na gari ɗaya ba ne. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A watan Yulin shekarar ne ruwa ya kashe aƙalla mutum 35 a unguwanni irin su Rikkos da Gangare a Jos, garin da ke kan tudu. A 2022 waɗanda suka mutu sun haura 600, kimanin miliyan 1.4 suka rasa muhalli. A 2024 Jamhuriyar Nijar ta rasa fiye da mutum 300, tsohon masallacin Zinder na ƙasa ya rushe, aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A Chadi kuwa mamatan sun wuce 500. Wanda ya ce irin wannan ruwa sai bayan shekara talatin yake dawowa, lissafinsa ya tsufa.

Wa ya toshe wa ruwa hanya?

Ruwa daga sama yake saukowa, amma hanyar da zai bi a ƙasa, mu muke tsara masa ita ko mu toshe. Mazauna Mokwa sun shaida wa 'yan jarida cewa ruwa ya yi kwanaki yana taruwa a bayan tudun wani tsohon layin dogo da ke gefen gari, domin kwalbatocin da ya saba bi sun toshe. Tudun ya zama madatsar da ba wanda ya tsara, ba kuma mai gadinta. Da ya ɓalle, sai ruwan kwanaki ya sauko a lokaci ɗaya.

A Maiduguri, an gina madatsar Alau a tsakiyar shekarun 1980. Kwanaki kaɗan kafin ta ɓalle, jama'a suna ta maganar cikar ruwan, jami'an gwamnatin jiha suka ziyarci wurin suka ce babu abin fargaba. A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane cewa gyara kafin ɓallewa ya fi sake gini araha, ban da rayukan da kuɗi ba ya mayarwa.

Haka labarin yake a Kogin Binuwai. An kammala madatsar Lagdo a arewacin Kamaru a 1982. Duk lokacin da ta cika aka saki ruwa, yakan bi ta Adamawa da Taraba da Binuwai ya haɗu da Kogin Neja a Lokoja. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara a Adamawa don ta tare wannan ruwa, shekara fiye da 40 ke nan ba a gama ta ba.

Kada dai mu ɗora wa gwamnati duka laifin mu wanke hannu. Ledar da ta toshe lambatun unguwarmu daga gidajenmu ta fito. Mun ga an cike kududdufi da shara an yanka filaye a kai, mun yi shiru, wasunmu ma sun saya. Akwai majami'u da makarantun da muka gina a bakin rafi don filin ya fi araha. Kududdufan da ke cikin tsofaffin garuruwanmu, inda kakanni suka haƙi ƙasar gini, su ne suke shanye ruwan damina. Muka cike su, sa'an nan muna mamakin ganin ruwa a tsakar ɗaki.

Sai dai a yi adalci. Ba wanda yake zaɓar kwari don yana sha'awarsa. Talaka yana zama a hanyar ruwa ne domin nan kaɗai kuɗinsa ya kai. Manomi yana fadama domin nan abincinsa yake. In an ce da mutum ya tashi, dole a faɗa masa inda zai nufa.

Inda gargaɗi yake maƙalewa

Kowace shekara hukumar NiMet mai hasashen yanayi tana fitar da hasashen damina tun kafin ruwan fari, NIHSA ta biyo da jerin wuraren da ke cikin haɗari, hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta rubuta wa jihohi. Ana taro a Abuja, jaridu su buga. Amma gargaɗin da ya ce ƙaramar hukuma kaza tana cikin haɗari tsakanin watan kaza da watan kaza bai gaya wa uwar 'ya'ya biyar abin da za ta yi yau da dare ba. Tana bukatar ta san layin da ruwa zai fara shiga, da alamar da za ta gani, da inda za ta kai yara, da wanda zai taimaka mata ɗaukar tsohuwar da ba ta iya tafiya.

Ko da gargaɗi ya iso, mutum ba ya tashi nan take. Wannan halin ɗan Adam ne a ko'ina, har a ƙasashen da kayan aiki suka wadata. Amurka tana fuskantar mahaukaciyar guguwa mai juyawa, wadda ke saukowa daga hadari kamar mazurari, fiye da sau 1,000 a shekara, kuma tana da na'urorin hangen hadari da jiniyar gargaɗi a garuruwa. Duk da haka, ranar 22 ga Mayu 2011 irin wannan guguwa ta kashe mutum 158 a garin Joplin na Jihar Missouri. Da hukumar yanayi ta ƙasar ta bi sawu, ta tarar cewa yawancin waɗanda aka tattauna da su ba su nemi mafaka da jin jiniyar farko ba. Sun saba jin ta ba tare da wani abu ya faru ba, don haka suka tsaya neman tabbaci: a leƙa waje, a kunna talabijin, a kira wani. Mu ma haka muke. Mutum yakan ce bara ma an faɗa ba a ga komai ba, ko ya ji tsoron ɓarayi su kwashe masa kaya, ko ya ƙi barin awakinsa. Abin da ke ɗaga mutum daga tabarma shi ne muryar wanda ya sani kuma ya yarda da shi.

Ƙasar Bangaladash ta gane haka bayan ta sha wuya. A 1970 guguwar teku ta kashe aƙalla mutum 300,000 a yankin. Bayan haka gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent suka kafa shirin 'yan sa-kai, dubun dubatar maza da mata daga cikin ƙauyukan kansu, masu bin gida-gida da lasifikar hannu, aka kuma gina mafaka masu bene waɗanda a sauran kwanaki makarantu ne. A 2020, da guguwar da aka sa wa suna Amphan ta taso, an kwashe fiye da mutum miliyan 2, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 30 ba. Gaskiya ne guguwar teku tana ba da sanarwar kwanaki, ambaliyar dare kuwa wani lokaci sa'o'i kaɗan take bayarwa. Amma darasin yana nan. Ƙasar ba mai arziki ba ce. Abin da ta yi shi ne ta haɗa ilimin masana da ƙafafun maƙwabta.

Tsawa ba ta tsallake majami'a

Ambaliya tana kisa da yawa a lokaci ɗaya, shi ya sa take shiga labarai. Tsawa kuwa tana ɗaukar mutum ɗaya a gona, biyu a gindin bishiya, makiyayi da shanunsa a daji, ba mai ƙirgawa. Amma wani lokaci takan faɗa inda jama'a suka taru, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. A watan Maris 2018 tsawa ta faɗa wa wata majami'a a gundumar Nyaruguru ta ƙasar Ruwanda ana cikin sujada, mutum 16 suka mutu. A watan Nuwamba 2024 ta kashe mutum 14, yawancinsu yara, a wurin addu'a a sansanin 'yan gudun hijira na Palabek a arewacin Yuganda. A 2011, a ƙasar Yugandan dai, ta kashe 'yan firamare 18 da malami ɗaya a makaranta guda. Irin gine-ginen da abin ya faru a cikinsu ba su bambanta da namu na karkara ba: rufin kwano, ba ƙarfen kariya.

A ƙasarmu an daɗe ana ɗaukar aradu a matsayin mai kama ɓarawo ko mai rantsuwar ƙarya, wasu kuma suna cewa turo ta ake yi. Wannan tunani yana jawo ɓarna iri biyu. Yana sa a zargi mamaci ko maƙwabcinsa ba gaira ba dalili, yana kuma sa a guji taɓa wanda ta buga. Gaskiyar ita ce tsawa wutar lantarki ce da ke taruwa a cikin hadari, tana neman hanyar sauka ƙasa, kuma dogon abu ya fi jawo ta. Ba sai ta sauka a kan mutum take kashe shi ba. Sau da yawa bishiya ko ƙasa take buga, wutar ta bazu ta ƙasa ta shiga ta ƙafafu. Shi ya sa garken shanu kan faɗi gaba ɗaya.

Wanda tsawa ta buga ba ya riƙe wuta a jikinsa. Ana iya taɓa shi nan take. Abin da ke kashe shi yawanci tsayawar zuciya da numfashi ne, don haka in ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ana neman abin kai shi asibiti. Mintunan da ake ɓatawa ana tsaye ana kallo su ne mintunan ceto.

Akwai kuma lissafi mai sauƙi da kowane yaro zai iya koya. Ƙara tana tafiyar kilomita ɗaya a kusan daƙiƙa uku. In ka ga walƙiya ka ƙirga, ka ji tsawa kafin ka kai 30, to tana cikin kilomita 10 daga inda kake, kuma tana iya kai maka. A shiga gini mai kariya ko mota mai rufin ƙarfe a rufe tagogi, a kuma dakata minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a fita. Rumfa da gindin bishiya ba mafaka ba ne. Wayar hannu ba ta jawo tsawa, amma kada a riƙe ta tana jone da wuta. Wannan ya shafi tarurrukanmu na fili, da fitar Litinin ɗin Ista, da masu hawa dutse su kwana suna addu'a a farkon damina. Shugaban da ya sallami taro don hadari ya haɗo bai nuna ƙarancin bangaskiya ba. Ya kiyaye garken da aka damƙa masa ne.

Ƙarfen kariya daga tsawa tun ƙarni na 18 aka ƙirƙiro shi: sanda a ƙololuwar gini, da waya mai kauri da ke sauke wutar zuwa ƙarfen da aka binne a ƙasa. Sai wanda ya san aikin ne zai kafa shi, don wanda aka kafa ba daidai ba yaudara ce kawai. In ikilisiya tana da kuɗin janareta da manyan lasifikoki, ba ta da hujjar barin yara ɗari a ajin Lahadi a ƙarƙashin kwanon da ba shi da kariya.

Hadarin da ke kawo tsawa shi ne kuma yake kawo iskar farkon damina, wadda kowace shekara take yaye rufin makarantu da majami'u. Kwanon da ya tashi sama wuƙa ne. Rufi mai faɗi da ba a ɗaure katakonsa da ƙarfe a jikin gini ba, jiran rana kawai yake yi. In iska ta taso, a nisanci tagogi da tsohuwar katanga da wayoyin lantarki. Ginin ƙasa kuma, bayan ya sha ruwan kwana biyu ko uku, yakan faɗo wa masu barci cikin dare ba tare da wata ambaliya ba. In gindin bango ya jiƙe ya fara tsagewa, a fitar da iyali a daren, kada a jira gari ya waye.

Hukunci ne?

Bayan kowane bala'i akan ji wannan tambaya a bakin majami'a, wasu ma sukan amsa ta da gaggawa, musamman in abin ya faɗa wa waɗanda ba addininsu ɗaya ba. Ya kamata mu yi hattara. A Luka sura 13, Yesu ya ɗauko zancen mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya kuma ƙi yarda cewa sun fi sauran mazauna Urushalima laifi. Abokan Ayuba sun nace cewa asarar da ya yi, wadda ta haɗa da iskar da ta rushe gida a kan 'ya'yansa, sakamakon zunubinsa ce, a ƙarshe Allah ya tsauta musu. Yaran da ruwa ya ci a Mokwa, har da almajirai masu yawa, ba su fi 'ya'yanmu laifi ba. A kwari suke kwana.

Akwai kuma kuskure na biyu, wanda ya fi kama da tawali'u: a ce ikon Allah ne, a naɗe hannu. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da 'yar katanga, don in wani ya faɗo alhakin jininsa yana kan gidan. Wato haɗarin da ake iya hangowa, mai gini ne da alhakin tare shi. Dogara ga Allah da yashe lambatu ba sa faɗa da juna.

Abin da ke hannunmu

Hukumar da ke Abuja ba ta san gidan da gurguwa take ba. Mu mun sani. Kowane mako muna tara mutane, muna da dattawa da zumuntar mata da matasa, muna da ƙararrawa da lasifika da rukunin WhatsApp, kuma a ƙauyuka da yawa gininmu yana cikin mafiya ƙarfi. Ga abin da kowace ikilisiya za ta iya yi kafin ruwa ya kankama, ba tare da jiran kuɗi daga ko'ina ba.

Na farko, a zauna da tsofaffin unguwa a tambaye su inda ruwa ya kai a manyan ambaliyoyin baya, a bi hanyar ruwan da ƙafa har zuwa sama da gari. In an ga kwalbati a toshe ko ruwa yana taruwa a bayan wani tudu ko hanya, a kai rahoto ga mai unguwa da ƙaramar hukuma a rubuce, a kuma bi sawu.

Na biyu, a naɗa mutum biyu ko uku masu sauraron hasashen NiMet da sanarwar hukumar agaji ta jiha, su mayar da shi Hausa ko harshen garin, a karanta a lokacin sanarwa ran Lahadi. A yarda da alama ɗaya da kowa zai gane, misali bugun ƙararrawa ba tsayawa, kada kuma a yi amfani da ita don wani abu dabam.

Na uku, a yi wannan tare da mai unguwa da limamin masallaci. Ruwa ba ya tambayar addini, kuma da asuba lasifikar masallaci ta fi ƙararrawarmu isa kunnuwa da yawa. A amince tun yanzu da tudun da za a taru, da hanyar da za a bi, da matasan da za su yi gadin gidajen da aka bari, domin tsoron sata yana cikin abin da ke hana mutane tashi.

Na huɗu, a rubuta sunayen tsofaffi da naƙasassu da masu ciki da gwauraye masu ƙananan yara, kowanne a haɗa shi da wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Kowane gida kuma ya ɗaure takardunsa da magungunansa da tocila a leda, a ajiye a sama inda hannu zai kai cikin duhu.

Na biyar, a koya wa kowa, musamman matasa masu babur, cewa ruwa mai gudu ya fi yadda ido ke ganinsa ƙarfi. Wanda ya kai santimita 15, wato ya ɗan wuce idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci. In ruwa ya hau kan gada, a juya. In kwale-kwale ne hanyar tsira, kada a cika shi fiye da ƙima. A Oktoba 2022 mutum 76 ne aka ba da rahoton sun mutu a Ogbaru ta Jihar Anambra da jirgin ruwan da ya ɗauko su a lokacin ambaliya ya kife.

Na shida, a tuna cewa janyewar ruwa ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Ambaliya tana haɗa masai da rijiya. Ƙasa da wata ɗaya bayan ambaliyar Maiduguri, gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. A tafasa ruwan sha. In amai da gudawa suka kama mutum, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi ana hanyar asibiti.

Bayan wannan, muna da murya a matsayinmu na 'yan ƙasa. Mu tambayi kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa: yaushe aka duba madatsar da ke saman garinmu, wa ya duba, me ya gani? Ina aka kai kuɗin kula da muhalli da jihohi ke karɓa? In an ce mutane su bar bakin kogi, wane fili aka ware musu? Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane mutum a duniya ya kasance gargaɗin farko yana isa gare shi, an kuma ƙiyasta cewa sanarwar sa'o'i 24 kacal tana iya rage ɓarna da kusan kashi 30 cikin 100. Wannan buri ba zai cika a ɗakin taro ba. A unguwa zai cika.

'Yan'uwa, mun iya zuwa jaje, mun iya tara gudummawa, kuma za mu ci gaba da yi. Amma buhun masarar da aka kai bayan ambaliya ba ya dawo da yaron da ruwa ya tafi da shi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mokwa da Maiduguri ba su da nisa da mu. A taron dattawa na wannan wata, kafin a shiga maganar fenti da kujeru, a fara da tambaya ɗaya: in ruwa ya taso da ƙarfe uku na dare, wa zai tashe mu, kuma wa za mu tasa?